Ranar da Yaya Shaibu Ya Hau Rumbun Kawu

Shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar yayana, Metir Shaibu, lauya, tsohon prefe, tsohon minista. Haka jaridu suka jera masa muƙamai ranar da ya rasu, amma ni Yaya nake ce masa, kuma haka zan kira shi a nan. Sunana Rabi, ni ce auta a ɗakinmu, ungozoma ce ni da ta aje aiki, ina zaune a unguwar Lamorde a nan Yamai. Kowace shekara 'ya'yansa sukan tara jama'a a yi addu'a, a ci shinkafa, wani tsohon abokin aikinsa ya miƙe ya ce marigayi mutum ne mai gaskiya da riƙon amana. Ban ce ƙarya suke yi ba. Amma wallahi na gaji da jin wannan magana, don ko ɓarawon akuya ne ya mutu haka za a faɗa a kansa. Bana na ce bari in ba da labarin abu ɗaya da na gani da idona, wanda ya ci masa rai fiye da duk abin da siyasa ta yi masa.

Marayu muka tashi. Kawu Nomau, yayan mahaifiyarmu, shi ne mai garin ƙauyenmu Tudun Kanya can gabas, kuma shi ya riƙe mu. Lokacin da hukuma ta ce kowane gari ya ba da yara a kai lakwal, wato makarantar boko, iyaye sun yi ta ɓoye nasu a cikin gonaki. Kawu ya ɗora Yaya a kan jaki ya kai shi da kansa. Mutane suka ce ya ba nasara maraya don ba shi ya haifa ba. Duk hutu sai ya zaunar da shi a zaure ya ce, "To, Shaibu, me suka koya maka bana?" Yaron na ta zuba, Kawu na gyaɗa kai, alhali ko harafi ɗaya bai sani ba. Yaya bai san wani uba ba sai shi.

Da ya gama karatu ya buɗe buro, wato ofishinsa na lauya, a unguwar Kalley, a saman wani kanti kusa da Babbar Kasuwa. Masu zuwa wurinsa yawanci 'yan kasuwa ne da makiyaya da matan da aka ci wa gado. Yana da hali ɗaya da kowa ya san shi da shi: duk abin da ka faɗa masa sai ya tambaye ka, "Ka gani ko an ce maka?" In rigimar iyakar gona ce, sai ya shiga mota ya je ya taka gonar da ƙafarsa kafin ya tsaya gaban alƙali. A kotu wannan hali ya yi masa rana. A gida kuwa, kai, sai dai haƙuri! In matarsa ta ce gishiri ya ƙare sai ya buɗe gwangwanin ya leƙa. Na sha ce masa ranar da aka ce masa ya mutu ma sai ya nemi a nuna masa gawar.

Sai fari ya zo, kuma sojoji ne ke riƙe da ƙasa. Waɗanda suka rayu a Yamai a lokacin ba sa bukatar in tuna musu. Kogi ya janye har ana tsallakawa da ƙafa, mutanen arewa da suka rasa dabbobinsu suka kafa bukkoki a bayan gari, mu kuma a ɗakin haihuwa muna karɓar jarirai daga uwayen da ba su da ɗigon nono. A cikin wannan hali aka kira Yaya aka ce za a ba shi prefe, abin da yanzu ake ce wa gwamna, a jiharmu ta haihuwa. Farar hula kaɗan ne ake ba wannan kujera a zamanin. Ni ban so ba. Na ce masa, "Yaya, kai da ba ka iya cewa to ba, yaya za ka yi aiki da masu kaki?" Ya yi dariya ya ce in kowa ya ƙi, wa zai riƙa tambayarsu ko sun gani. Ya karɓa, ya kulle buronsa ya tafi.

Na sami hutu na je wurinsa, ya zamana zai fita rangadin raba abinci har ta wajen Tudun Kanya, sai na roƙi a rage mini hanya in ga gida. Jar dawa ce ta agaji ake rabawa, kuma ba ta isa kowa. Wani matashin kaftin ne ke da iko da manyan motocin. Tsarinsa shi ne in an iso gari a tambayi mai gari a gaban jama'arsa. In ya ce suna da sauran abin ci, motoci su wuce inda aka fi wahala. Kaftin ɗin ba mugu ba ne. Ɗan birni ne kawai, wanda ya ɗauka in dattijo ya ce lafiya lau to lafiya lau ɗin ce.

Mun isa da hantsi. An shimfiɗa tabarmi a gindin itace, Kawu ya sha babbar rigarsa ta Sallah, an kawo fura a ƙwarya mai tsabta, an yanka rago. Ni na wuce cikin gida wurin mata. Abin da na tarar har yau ba na son tunawa. Murhu ɗaya ne kawai ke da wuta, na baƙi. A bayan ɗaki an jiƙa anza a tukwane, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an kwana ana sauya musu ruwa kafin su ciwu. Yara an shigar da su ɗakuna an rufe, suna kwance, ko kuka ba sa yi. Inna Hajo, matar Kawu, ta kama hannuna ta matse ta ce, "Kul, Rabi. Abin da kika gani ki bar shi nan." Na fito na tsaya a bakin zaure, ga taron maza ba dama mace ta kutsa.

Kaftin ya tambaya, "Mai gari, yaya garinka?"

Kawu ya ce, "Alhamdu lillahi, muna taɓawa. A kai wa waɗanda suka fi mu bukata."

Ku fahimce shi. Ba wai bai damu da mutanensa ba ne. Shi da kansa ya kwashe nasa ya raba musu tun tuni. Amma dattijo irinsa ba ya buɗe baki gaban baƙi ya ce yunwa ta shiga gidansa. Balle kuma wanda ya zo da motocin ɗansa ne da ya rena. In ya faɗa, ƙauyukan kewaye za su ce Nomau ya yi wa yaronsa bara, shi kuma yaron ya karkatar da abincin hukuma zuwa gidansu. Kaftin ya duba agogo ya miƙe. Direbobi suka fara tayar da motoci.

Yaya bai miƙe ba. Daga baya ya ce mini tun da muka shigo garin bai ji ƙarar taɓarya ba, kuma ko yaro ɗaya bai biyo mota da gudu ba. Ya ce, "Kawu, babban rumbun tsakar gida yana nan?"

"Yana nan yadda ka san shi."

"Akwai hatsi ciki?"

Kawu ya dube shi ya ce a hankali, "Shaibu, sha furarka."

Dole in yi wa 'yan yanzu bayani, masu sayen gero tiya-tiya a kasuwa. A wurinmu rumbu sirrin maigida ne. Shi ke hawa ya buɗe jinkar da ke samansa, ya jefo wa mata damin da za su sussuka. Matarsa ba ta leƙawa. Ɗansa ba ya leƙawa sai ranar da uban ya mutu. Ka leƙa rumbun mutum yana raye daidai yake da ka tuɓe masa wando a tsakiyar kasuwa. Yaya ya san wannan sarai, a gidan ya girma.

Ya cire takalmansa da hularsa ya aje a kan tabarma. Ya shiga cikin gida, jama'a suka bi shi a baya kamar an ja su. Ya ɗauko tsani ya jingina, ya hau, ya ture jinka, ya daɗe yana kallon ciki. Da a nan ya tsaya, wataƙila da abin ya zo da sauƙi. Amma sai ya juyo ya ce, "Mon kapiten, zo ka gani da idonka." Ya san in shi kaɗai ya faɗa za a ce prefe ya yi son kai, don haka yana bukatar shaida, kamar yadda ya saba a kotu. Baƙo mai kaki, da takalminsa, ya hau rumbun Kawu Nomau a gaban matansa da surukansa. Ba komai a ciki, an share shi tas har ƙaiƙayin an kwashe. Kaftin ya sauko, ya yi wa sojojinsa hannu su fara sauke buhuna.

Tsofaffin garin duk sun sunkuyar da kai. Inna Hajo ta rufe fuska da zane. Kawu kuwa ya kaɗe rigarsa, ya tako har gaban yaron da ya ɗora a kan jaki, ya rusuna masa kamar yadda talaka ke rusuna wa hukuma, ya ce, "Mun gode, ranka ya daɗe, Prefe." Tun daga wannan rana bai ƙara kiran sunansa ba. A hanyar komawa Yaya magana ɗaya kawai ya yi. Ya tambaye ni ko ragon da aka yanka mana shi ne na ƙarshe a garin, na ce masa shi ne.

Labari ya riga mu zuwa sauran garuruwa. Masu gari da suka ji prefe na hawa rumbu sai suka gwammace su faɗa da bakinsu tun kafin ya nemi tsani. Rabon abinci a jihar ya daidaita, maganar ta kai kunnen manya a Yamai, ba a daɗe ba aka kira shi aka ba shi minista. Abokansa suka laƙaba masa Mai Tsani, suna ganin yabo ne. Shi kuwa in ya ji sunan sai fuskarsa ta canja. Ka ji fa, abin da ya raba shi da ubansa shi ne ya ɗaga shi, kuma kullum ana tuna masa da shi ana tafi.

Ba zan ce muku waliyyi ne ba. A kan kujerar minista ya yi shiru a wuraren da ya kamata ya yi magana. An tsare wani lauya abokinsa na shekaru, matar ta zo gidansa tana kuka, ya ba ta haƙuri kawai, ni kuwa na daina gaishe shi har tsawon wani lokaci. Ya sa hannu a kan abubuwan da bai je ya gani ba, shi da ba ya yarda da gwangwanin gishiri. Mulki ya rage masa wani abu, kuma ya san ya rage. Ranar da aka sauke shi a labaran rana na rediyo ya ji, yana cin tuwo. Ya ƙarasa cin tuwonsa ya wanke hannu. Cikin 'yan kwanaki motocin da ke cika ƙofar gidansa suka ɗauke. Ya sake buɗe buronsa na Kalley, ya kuma sami 'yar gonar shinkafa a Saga inda yake zuwa ranar Lahadi ya naɗe wando ya shiga taɓo. Ban taɓa jin ya yi kukan rasa muƙami ba.

Kukansa na Kawu ne. Kowace Sallah sai ya kama hanyar Tudun Kanya. Da ya sauka Kawu zai miƙe tsaye, ya ba shi buzunsa, shi ya zauna a ƙasa, ya ce, "Sannu da zuwa, ranka ya daɗe, Minista." Har bayan an sauke shi Minista yake ce masa. Ba zagi, ba kora, abinci ma mai kyau ake kawo masa, irin na baƙo. Yaya ya durƙusa masa, ya turo limamin gari, ya turo tsofaffi. Amsar Kawu ɗaya ce: wane laifi aka yi da za a yafe? Hukuma ta yi aikinta, shi kuwa talaka ne. Na ga Yaya ya kayar da manyan lauyoyi a kotu, na ga ya tsaya gaban masu bindiga yana musu da su, amma daga ƙauyen nan kullum sai ya dawo kamar wanda aka yi wa duka. Kusan shekara ashirin ana haka.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Kaki ya tafi ya dawo, ya sake tafiya ya sake dawowa, ruwan sama kuma har yanzu wata shekara ya zo wata ya ƙi. Abin da ya fi tsaya mini shi ne yadda ake rabon agaji yanzu. Kwanan baya jikata ta nuna mini hoto a salularta: wani dattijo mai furfura an ɗora masa ɗan buhu a hannu, wasu samari masu manyan riguna sun kewaye shi suna murmushi, an ce masa ya dubi mai ɗauka. Duniya duka ta ga yunwarsa. Ina ganin Yaya zai ji kunya, don shi ya hau rumbu ɗaya ne, ba takalmi ba hula, kuma ya yi ta biya har ƙarshen ransa. Shekaru da yawa ina ganin Kawu taurin kai kawai gare shi. Ranar da na ga hoton nan ne na fara gane abin da yake tsoro, ko da yake har yanzu in aka ce in zaɓa, buhunan nan zan zaɓa.

In ana maganar abin da ya rage na Yaya, ba titi mai sunansa, kuma ma'aikatar da ya riƙe an sauya mata suna ban san sau nawa ba. Shari'o'in da ya ci, masu su ma sun mutu. Abin da na san ya rage shi ne yaran da na gani kwance a ɗakunan Tudun Kanya. Sun tashi, sun yi aure, wasunsu ni na karɓi haihuwar matansu a nan Yamai. Ba duka suka san labarin tsanin ba, ni kuma ban taɓa tsare su in ba su ba.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi a gidansa na Kalley, tsoffin manya sun yi ta zuwa dubiya, bai damu da kowa ba. Wata safiya ya ce mini, "Rabi, je ki zo mini da Kawu." Na bi motar haya har ƙauye. Na tarar Kawu ya tsufa ƙwarai, idonsa ya yi rauni, yana zaune a zaure da tasbaha. Na faɗa masa halin da ake ciki. Ya ce, "Allah ya ba Minista lafiya." Nan fa na manta da tarbiyya. Na ce, "Haba Kawu! Ba Minista ne ke mutuwa ba, ɗanka ne!" Ya ci gaba da jan tasbaharsa, can ya ce damina ce, mai gari ba ya barin gari da damina. Na kwana ina roƙonsa ta bakin Inna Hajo, bai motsa ba.

Da na dawo na shiga ɗakin, Yaya bai dube ni ba, ƙofar da ke bayana yake kallo. Da ya ga ba kowa sai ya maido idonsa kaina. Na ce, "Yana gaishe ka." Ya ce, "Shi ya ce, ko ke kika ce?" Ya juya fuskarsa bango. Bai kai Juma'a ba.

Ranar addu'ar uku sai ga wata babbar motar kaya ta tsaya a ƙofar gida, cike da mutanen Tudun Kanya. Samari suka sauko da Kawu a hannu. Aka ce mini ya iso, na ce ban ga abin da ya kawo shi ba, kuma ba zan fita ba. Ya sa aka kawo shi har ƙofar ɗakin da nake, ya zauna a ƙasa a bakin ƙofar, matan da ke ciki suka fice ɗaya bayan ɗaya. Ban gaishe shi ba.

Ya ce, "Rabi, samarin nan da suka ɗauko ni, duk a ɗaki suke kwance ranar nan. Na sani. Tun bai sauko daga tsanin ba na san daidai ya yi."

Na ce, "To me ya hana ka faɗa masa?"

Ya ce, "Ni mai gari ne. In na ce ya kyauta, gobe duk yaron da ya sami mota sai ya zo ya hau rumbun ubansa. Na ce bari in ja shi shekara ɗaya ko biyu gari ya gani. Daga nan kuma bakina ya ƙi juyawa, kullum in ce sai wata Sallah. Na bar wa ranar da zan kwanta, ya zo bakin shimfiɗata in faɗa masa gaban kowa. Ai haka ake yi, babba ke riga yaro tafiya. Da kika zo kirana, na ga in na taso na yarda ke nan zai riga ni. Ban yarda ba."

Yana numfashi da ƙyar, ya ɗaga murya yadda na tsakar gida za su ji. Ya ce, "Ki shaida, na yafe wa Shaibu duniya da lahira."

Na ce, "Kawu, ni kake faɗa wa? Ni ina zan kai masa?"

Ya miƙo hannu yana lalube har ya sami kaina, muka zauna a bakin ƙofar nan muna kuka har aka kira azahar. Maganar tana wurina har yau, Yaya kuwa bai ji ta ba.